Allurar Ɗan Fari

A shekara ta biyu ta neman ƙwarewata a kan cututtukan manya, sashenmu ya tura ni wani ƙaramin asibiti a ƙasar Isa. Haka tsarin horon yake. Kowane likita mai neman ƙwarewa sai ya bar asibitin koyarwa na ɗan lokaci, ya je inda babu babban ɗakin gwaje-gwaje, babu na gaba da shi a kusa, ya ga iyakar abin da hannunsa da kunnensa za su iya. Abokan karatuna sun yi ta neman a canza musu wuri. Ni ban nema ba, saboda nauyin shiga ofishin shugaban sashe nake ji.

Na isa ana tsakiyar bazara. Aka ba ni ɗaki a bayan ɗakin kwanciyar maza, da katifa, da tebur mai gurguwar ƙafa. Na tokare ƙafar da ɓallin bulo, na jera littattafan jarrabawata a kai.

A Sakkwato, zagayen marasa lafiya na safe taro ne guda. Babban likita a gaba, mu a bayansa kamar 'yan rakiyar amarya, ni kuma kullum can ƙarshen layi, ina addu'ar kada idonsa ya faɗo kaina. In ya faɗo, sai ya ce, “To, me ya sa?” Duk amsar da ka bayar, wani “me ya sa” na biye da ita. A lokacin gani nake babu abin da na ƙi kamar wannan tambaya. Da na zo nan, daga ni sai wata dattijuwar nas muke zagayen. Kowa Inna yake ce mata. In na faɗi magani sai ta ce, “To, Likita,” ta wuce gado na gaba. Ba a daɗe ba na fara kewar mai tsare ni da tambaya. Har na koma in na rubuta magani sai in tsaya in tambayi kaina, in kuma amsa a zuci, kamar yadda za ni amsa a gaban jama'a.

Da an yi azahar asibitin yake yin shiru, domin mutanen ƙauye suna son su kai gida da sauran rana. Ba mai son yamma ta riske shi a hanyar daji. Ma'aikata sukan zauna a gindin wata bishiyar bedi, wato dogon yaro, da ke bakin ƙofa, ana shayi ana gardamar ƙwallo da babura. Da farko sun kira ni. Na je, na zauna a bakin benci, na yi dariya inda aka yi dariya, amma ban sami abin cewa ba. Bayan 'yan kwanaki suka daina kirana, sai dai su aiko mini da kofin shayi har ɗaki. Ban ji haushi ba. Alheri suka yi mini, ko da yake shayin kan huce kafin in tuna da shi.

Waya ba ta samun sabis sai kusa da tankin ruwa. Can nake tsayawa in kira Malam, wato babban likitan da ke kula da horona, in gaya masa marasa lafiyar da suka ɗaure mini kai.

Wata ranar kasuwar Bafarawa aka kawo wani saurayi Bafillace a kan babur, an ɗaure shi da rawani a bayan mai tuƙi don kada ya zame. Ya bushe kamar kara, idanunsa sun faɗa, yana jan numfashi mai zurfi da sauri, bakinsa na wani irin wari kamar na ruɓaɓɓen mangwaro. Wani babur ya biyo baya da dattijo dogo, mai malfa da sanda. Dattijon bai shigo ba. Ya tsaya a baranda yana kallon filin asibiti.

A wurinmu rabin aiki tambaya ce: yaushe ya fara, me ya fara, me ya biyo baya. Saurayin ba ya iya magana, don haka na fita wurin dattijon.

Na ce, “Baba, kai ne mahaifinsa?”

Ya ce, “Tare muke.”

“Yaya sunansa?”

Ya dubi sandarsa. Inna ta leƙo ta taga ta ce, “Likita, ɗan fari ne. Ko za ku kwana nan ba ya faɗin sunan. Taho, mai babur ya san komai.”

Na san kunyar ɗan fari, a gidanmu ma ana yi. Amma tamu ta birni ta tsaya a kan suna. Tasu ta wuce nan. Uba ba ya zama inda ɗan yake, ba ya yi masa magana kai tsaye, ba ya bari a ga damuwarsa a kansa.

Mai babur ya ce saurayin ya daɗe yana shan ruwa ba ya ƙoshi, yana fitsari ba iyaka, har tururuwa na taruwa a wurin. Na soki yatsarsa na gwada. Na'urar ta kasa nuna lamba saboda yawan sugan. Ciwon suga ne irin na matasa, wanda jiki ke daina yin insulin, sinadarin da ke rage suga a jini, gaba ɗaya. Muka sa masa ƙarin ruwa leda bayan leda, ina yi masa allurar insulin kaɗan-kaɗan, ina gwadawa, ina sauraron ƙirjinsa. Duk lokacin da na ɗaga kai, ina hango malfar dattijon ta taga. Bai matso ba, bai kuma tafi ba.

Saurayin ya farfaɗo. Da ya sami bakinsa sai ga shi sarkin surutu. Ya dubi sirinjin insulin, ɗan siriri mai gajeren tsini, ya ce wa Inna, “Wagga ita ce allurar? Ai sauron rugarmu ya fi ta cizo.”

Inna ta ce, “Ranar da aka kawo ka ɗaure awa buhun gero ba ka yi wanga baki ba.”

Ya ce, “Barci nikai, Inna, kunka tashe ni.”

Na gaya masa gaskiya: wannan allura safe da yamma ce, har iyakar rayuwa. Ya ce in nuna masa yadda ake yi. Hannunsa mai kyau ne, nan da nan ya iya ja daidai, ya iya tsira wa kansa a cinya. Na koya masa alamun faɗuwar suga: zufa, rawar jiki, yunwa mai tsanani, gani biyu-biyu. Na ce kada aljihunsa ya rabu da suga ko dabino. Na koma ɗakina ranar ina jin na yi aiki.

Da na kira Malam na ba shi labari, ya saurara har na gama, sannan ya ce, “Da kyau. In sugansa ya faɗi a daji har ya fita hayyacinsa, wa zai sa masa abu a baki? In zazzaɓi ya kwantar da shi, wa zai yi masa allurar?”

Na ce, “Ranka ya daɗe, za ni bincika.”

Ya ce, “Kada ka sallame shi sai mutum na biyu ya yi masa allurar a gabanka. Ban ce ya ce maka ya gane ba. Ya yi da hannunsa.”

Na bincika. Mahaifiyar saurayin ta rasu. Matarsa tana goyon ciki a gidan iyayenta, can tsallaken iyaka. Ƙannensa mata sun yi aure, sauran kuma ƙanana ne. Da ruwa ya sauka za su janye shanu daga gonakin mutane su nufi mashekari, inda suke zaman damina a daji, wajen Burkusuma, shi da mahaifinsa. Babu wani mutum na biyu sai dattijon da ko ɗakin ba ya shiga.

Washegari bayan zagaye na sa aka kira shi. Ya tsaya a bakin ƙofa, ya cire takalmi. Na ɗauko sirinji na fara bayani, ina nuna cinyar ɗansa, marasa lafiya da 'yan jinya duk sun zuba ido. Saurayin ya ja mayafi ya rufe fuska. Dattijon ya bari na kai aya, ya ce, “Allah shi ƙara sauƙi,” ya sa takalminsa ya fita.

Wani tsoho mai ciwon zuciya a gadon kusa ya yi dariya har tari ya sarƙe shi. Ya ce, “Likita, da ka ce mai shi ɗauki asibitin ga bisa kai, da ya fi mai sauƙi.”

Ba a jima ba ruwan farko ya sauka, mai yawa. Gari ya waye da ƙamshin ƙasa, manoma suka fita shuka. Dattijon ya aiko Inna ta gaya mini cewa shanu ba za su ƙara mako a inda suke ba, in ba haka ba rigima za ta tashi da masu gona. Da sallama ko babu sallama, tafiya za su yi.

Na rasa yadda za ni yi. Na buɗe littattafaina, babin ciwon suga na da tsawo, amma duk inda aka zo kan iyali sai a ce a koya wa wani na kusa da marar lafiya, a wuce. Dattijon yana yini a gindin wata aduwa can ƙarshen fili, nesa da masu shayi, yana tufka igiya. Ni kuma ina bakin ƙofata da littafi a cinya. Duk asibitin mu biyu ne ba ma cikin kowace hira. Sau da yawa na miƙe da niyyar zuwa wurinsa, in na kai rabin fili sai in karkata wajen tanki kamar waya za ni yi.

Shi ne ya zo. Bayan azahar ne, rana ta take, kowa ya nemi inuwa. Na ji sallama a hankali. Na shimfiɗa masa darduma, ya zauna a dokin ƙofa, ya ba ni gefen fuskarsa. Muka gaisa, ya tambayi gajiya, na tambayi shanu, muka sake gaisawa. Sannan ya ce, “Likita, tambaya gare ni. Wani mutum ne ke da ɗan bijimi.”

Na ce, “Na'am, Baba.”

“To bijimin ga ya kamu da wata cuta, an ce sai allura kullum. Mai shi ko daji za shi. Shi ne ya ce in tambaya mai, ya aka yin ta?”

Ni ma maganar bijimi ta fi mini sauƙi. Na ce, “Sai a nuna wa mai bijimin. Bari in ɗauko kayan.”

Na kawo sirinji da tsohuwar kwalbar insulin da na cika da ruwa, da lemun tsami guda. Ya karɓi sirinjin ba tare da ɗar-ɗar ba. Makiyayi ne, ya shekara yana yi wa shanunsa allura da kansa. Ya kifa kwalbar, ya soka, ya ja har sirinjin ya cika, ya ɗanɗana shi da farce kumfa ta tashi. Ya ɗaga shi sama ya duba, ya ce, “Wanga ko ɗan akuya bai isa ba. Bijimin da girmanai. Sau nawa za a cika?”

A wurinsu magani da girman dabba yake tafiya, babbar saniya babban awo. Na ce, “Baba, wannan magani ba a auna shi da girman jiki. Abin da ka ja ɗin nan, in aka yi wa bijimin shi a lokaci ɗaya, zai iya kashe shi.”

Ya juyo ya dube ni. Tun zuwansu ranar ce ya fara kallon idona.

Ya ce, “Kisa?”

Na ce, “Kisa.”

Ya ajiye sirinjin a kan darduma a hankali, ya goge tafinsa a riga.

Na ce, “Saura tambaya ɗaya. In mai shi ya tarar bijimin ya faɗi, yana zufa, jikinsa na rawa, me zai yi?”

Ya ce, “Ciwon ya tashi ke nan. Sai a yi maza a ƙara mai allura.”

Wannan ita ce amsar da kowane makiyayi mai kula da dabbarsa zai bayar, kuma ita ce za ta ƙarasa ɗansa. Na matso kusa da shi, abin da ban taɓa yi da wani dattijo ba. Na ce allurar rage suga take yi. Wani lokaci takan rage fiye da kima, musamman in an yi doguwar tafiya ba a ci abinci ba. In aka ga zufa da rawar jiki, a ɓoye allura, a nemi zaƙi. In yana iya haɗiya, a ba shi suga a ruwa. In ba ya iyawa, kada a ɗura masa komai, a kwantar da shi a gefe, a shafa masa zuma a cikin kumatu, a nemi babur.

Ya ce, “Sake faɗi.”

Na sake. Ya maimaita da bakinsa, ya yi kuskure, na gyara, ya sake maimaitawa. Ni da ba na iya haɗa jimla uku a gindin bedi, ranar na yi magana har makogwarona ya bushe.

Ba ya karanta lamba. Na zaro tsinke biyu daga tsintsiya, na yanka ɗaya daidai tsawon awon safe, ɗaya daidai na yamma, na ɗaura wa na safen jan zare. In ya ja magani sai ya kara tsinken a jikin sirinji ya gani. Ya yi ta ja yana zubarwa, yana tsira wa lemun tsamin, har lemun ya yi laushi. Hannunsa ya saba da fatar shanu, da ƙarfi yake sokawa. Na ce, “A hankali, Baba, fatar wannan bijimin ba ta da kauri.”

Ya ce, “Haka ne. Tun yana ƙarami haka yake.” Sai ya sunkuyar da kai kan lemun.

Ya dawo washegari a daidai wannan lokaci, da washegarinsa ma. Na nuna masa yadda za a adana maganin, domin zafi na lalata shi kuma babu firji a mashekari. Malam ya taɓa gaya mana dabarar a wani zagaye: a sa kwalbar a leda a ɗaure, a saka cikin 'yar tukunyar ƙasa, a binne ta a jiƙaƙƙen rairayi cikin wata tukunyar da ta fi ta, a ajiye a inuwa, a riƙa yayyafa ruwa. Na riga na gwada a ɗakina da ma'aunin zafi, na ga tana sanyi. Ya juya tukunyar a hannu, ya ƙwanƙwasa, ya ce wannan ba ta gasu da kyau ba, zai nemo wadda ta fi ta. Ya kuwa nemo.

A zama na ƙarshe na ce, “Baba, akwai sharaɗi. Wanda ya koya mini aikin nan ya ce kada in saki bijimin sai na ga mai shi ya yi masa allura da hannunsa. Sau ɗaya.”

Ya daɗe yana murza igiyar malfarsa. Ya ce, “Gaban mutane?”

“Daga ni sai shi.”

Ya yi sallama ya tafi gindin aduwarsa.

Da safen ranar tafiyarsu na roƙi Inna ta buɗe mini ɗan ɗakin da muke wanke ciwo. Ta kai saurayin, ta kori masu leƙe, ta ja benci ta zauna a bakin baranda kamar mai gadi. Saurayin ya kwanta ya juya fuska ga bango, ya lulluɓe kansa, ya bar cinya ɗaya a buɗe. Yau babu barkwanci. Na tsaya da kwalba a hannu ina jira, ban san ko dattijon zai zo ba. Ina jin masu babur a waje suna ta danna oda.

Sai ga inuwarsa a ƙofa. Ya cire takalmi, ya jingine sanda, ya shigo ya tura ƙyaure. Bai dubi gadon ba. Ya karɓi kwalbar ya murza ta a tafinsa yadda na nuna masa, ya ja maganin, ya zaro tsinke mai jan zare daga aljihu ya kara. Ya wuce kaɗan. Ya mayar, ya sake karawa, ya nuna mini. Na gyaɗa kai.

Ya durƙusa a gefen gadon. Da yatsu biyu ya tattaro fatar cinyar ɗansa. Ya yi bisimilla a ƙasan maƙoshi, ya soka a hankali, ya tura, ya ɗan jira, ya zare. Hannunsa na hagu bai bar cinyar nan da nan ba.

Ya ce da ni, “Haka?”

Na ce, “Haka, Baba.”

Ya miƙe ya fita. Ina jinsa a baranda yana ce wa Inna, “Ki ce ma wancan shi ci abinci kafin a hau babur. An yi allura, hanya da nisa.”

Inna ta ce, “Ga ka ga shi, sai an yi muku ɗan aike?”

Ya ce, “Ke dai faɗa mai.”

Na sa hannu a takardar sallama. Na gaya wa saurayin ya riƙa zuwa karɓar sabon magani duk wata, kafin na hannunsa ya ƙare. Ya ce, “In na zo za ni kawo maka nono, Likita, ka yi ƙiba. Kai ma awa marar lafiya kake.” Ban gaya masa cewa kafin watan ya zagayo wa'adina ya cika ba, wani likitan zai tarar.

Saurayin ya hau babur na farko. Dattijon ya bari sai da suka fita ƙofar asibiti suka yi nisa, sannan ya hau na biyu, ya ɗora tukunyar a cinya, ya rufe ta da gefen rigarsa saboda rana. Na tsaya a baranda har ƙarar baburan ta ɓace, sannan na koma ciki. Akwai sauran marasa lafiya da ban duba ba.